Masu neman tsuntsaye a bakin teku

Kowane yaro ya san shamuwa. In ta dawo ta yi sheƙa bisa itacen gari, manoma sun san damina ta kusa. In kaka ta yi, sai ta tashi ta yi kudu. Ba shamuwa kaɗai ke irin wannan tafiya ba. A ƙasashen arewa masu nisa, kamar Rasha, sanyi yakan yi tsanani har ruwan tafki ya daskare ya zama ƙanƙara. Tsuntsayen da ke kiwo cikin ruwa da laka ba su samun abinci, dole su yi ƙaura. Waɗansu agwagin daji sukan ƙetare teku da hamada su sauka kogin Isa da tafkin Cadi. Waɗansu kuwa bakin teku suke bi, su tsaya inda suka sami laka mai abinci.

Ɗaya daga cikin waɗannan masaukai yana ƙasar Maroko, a gaɓar tekun Atlantika, tsakanin Rabat da Tanja. Sunansa Merja Zerga, watau shuɗin tafki. Tafki ne marar zurfi, yana da baki da ke haɗe da teku, kusa da wani garin masunta da ake kira Mulai Busalham. A can, lokacin sanyi shi ne lokacin ruwan sama, ba kamar a ƙasar Hausa ba.

Ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu kowace rana yakan hau ya rufe gaɓa, sa'an nan ya janye. In ya janye daga Merja Zerga, sai laka ta fito fili, da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da katantanwa a cikinta. Nan da nan dubban tsuntsaye su sauka suna cusa baki cikin lakar. In ruwa ya dawo, su koma gefe su taru wuri ɗaya.

Akwai mutanen da ke zuwa daga Faransa, da Ingila, da Holan, da biranen Maroko, don kallon waɗannan tsuntsaye kawai. Ba su zuwa da baka ko bindiga. Kayan aikinsu madubin hangen nesa ne, da littafi mai hotunan tsuntsaye, da alƙalami da takarda. Sukan fita da asuba cikin rigunan sanyi, bayan sun tambayi lokacin hawan ruwa da saukarsa. Masunta ke ɗaukar su cikin kwale-kwale, domin su ne suka san inda kowane irin tsuntsu ke sauka. In an isa, kowa ya yi shiru. Tari ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tada garke duka.

Shekaru da yawa, tsuntsu guda ne ya fi jawo su zuwa Merja Zerga. Da faransanci ana ce masa courlis à bec grêle, watau mai siririn baki. Tsawonsa wajen santimita 40 ne. Yana da dogayen ƙafafu, da dogon baki da ya ɗan lanƙwashe ƙasa. Ganin sa aiki ne, don yana da ɗan'uwa da ya yi kama da shi ƙwarai, wanda ya fi shi girma kuma ya fi shi yawa. Dole mai kallo ya bi tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, yana duba kaurin baki, da farin ciki, da baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ke haƙarƙari. Wani yakan wuni cikin iska mai sanyi, ya koma masauki bai ga komi ba, gobe ya sake fitowa. Mai gaggawa yakan ce ya gani, alhali ɗan'uwan ya gani. Don haka ba a karɓar magana sai da hoto, ko da bayanin da aka rubuta nan take: rana, da wuri, da abin da ido ya gani.

Wannan tsuntsu daga Siberiya yake zuwa. A farkon ƙarni na 20 an ga sheƙarsa cikin fadamun da ke kusa da garin Tara. Daga Tara zuwa Merja Zerga ya fi kilomita 6000. Bayan wannan lokaci, ba wanda ya sake samun sheƙarsa ko ƙwansa.

A da yana da yawa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Amma maharba sun yi ta harbin sa a hanya, an kuma busar da fadamu masu yawa an mai da su gonaki. Kafin shekarar 1990, waɗanda ke sauka Merja Zerga ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. A sanyin 1995 guda ɗaya tak ya zo. An ɗauki hotonsa a watan Fabrairu. Da sanyi ya kewayo, masu kallo suka dawo suka jira. Bai zo ba.

An yi shekaru ana neman sa a gaɓar ƙasashe da dama, da cikin fadamun Siberiya. A watan Nuwamba na 2024, masana suka tattara duk abin da masu kallo suka rubuta tun da daɗewa, suka auna, suka ce irin wannan tsuntsu ya ƙare. A watan Oktoba na 2025 aka sa sunansa cikin jerin halittun da suka ɓace daga duniya. Ba don takardun masu kallo ba, da ba a san shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe ba.

Har yanzu ana zuwa Merja Zerga da sanyi. A tsakiyar watan Janairu na kowace shekara, ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, aikin da aka fara tun 1967. Masu ƙidaya sukan tsaya a bakin lakar, su rubuta agwagi nawa, masu dogon baki nawa. Waɗansu har yau, in sun ga mai dogon baki da ya ɗan fi sauran ƙanƙanta, sukan gyara madubinsu su sake dubawa.