Hattara da masu liƙa haƙori a kasuwa

Wata sana'a na ƙara yaɗuwa a kasuwanninmu da tashoshin mota, har ta fara tallan kanta a Facebook da TikTok: cike giɓi nan take. Kayan aikin mai ita ba su wuce jaka ɗaya ba: kwalbar haƙoran roba, wani gari mai launin dasashi, wani ruwa mai hawa kai, filaya da guntun waya. Zai zaɓi haƙorin da ya yi kama da naka, ya kwaɓa garin da ruwan, ya cusa a giɓin, ya shafe sauran a jikin haƙoran da ke dama da hagu, ya ce ka cije. Kafin rabin sa'a abu ya daskare. A miƙo maka madubi, ka ga baki ya cike, ka biya har da godiya. Wasu ma sufagulu suke ɗigawa.

Don Allah, duk mai giɓi kada ya zauna a bencin masu wannan sana'a. Wanda ya je da giɓin haƙori ɗaya, sau da yawa da giɓin uku yake ƙarewa.

Na san abin da ke kai mutane can. Saurayi ya faɗi a babur, haƙorin gaba ya fita. Budurwa biki ya matso, tana rufe baki da gyale in dariya ta zo. An je asibiti an tambayi dashen haƙori, wanda ake kafa wa ƙusa a ƙashin muƙamuƙi, an ji kuɗi na dubban ɗaruruwan naira, an juyo jiki a sanyaye, ana zaton in ba dashe ba sai kasuwa. Wannan zaton shi ne jarin masu benci, kuma ba gaskiya ba ne. Son cike giɓi ba laifi ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Gyara halas ne. Sai dai a lura, a labarin ma, abin da ya yi wari cire shi aka yi.

Robar da suke kwaɓawa, akirilik, da irinta ake yin haƙoran roba na asibiti. Yadda ake aikin ne ya bambanta. A asibiti awon baki ake ɗauka, a fitar da samfurinsa, a gina haƙorin a kan samfurin, a dafa robar ta nuna a ɗakin aiki, a goge ta sumul, sannan a ba ka abin da za ka iya cirewa ka wanke. Shi kuwa mai benci a cikin bakinka robarsa ke daskarewa. Tana fitar da zafi, ruwan da bai gama haɗewa ba yana cin dasashi. Wannan ma da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce ya rufe wurin ruf, ya toshe tsakanin haƙora, inda asuwaki da buroshi da tsinken sakace ba za su ƙara shiga ba. Tuwon jiya, naman shekaranjiya, tukar goro, duk suna maƙalewa a ƙarƙashi suna ruɓewa. Farkon abin warin baki ne, wanda mai shi ba ya ji, iyalinsa ke ji su kasa faɗa. Sai dasashi ya kumbura yana jini. Sai ƙashin da ke riƙe da haƙoran gefe ya fara zaizayewa, su kuma suna ruɓewa daga gindi a ɓoye, ga nauyin tauna da aka ɗora musu. Tamkar katangar da gara ke ci ce aka yaɓe ta da farar ƙasa. Ranar da abin zai girgiɗe, yana iya fitowa da lafiyayyun haƙora biyu. Ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya komawa yadda yake, don haka ko gyaran gaskiya aka zo yi daga baya, ya fi wuya, ya fi tsada.

Sau da yawa ma akwai guntuwar saiwar haƙorin da ya karye a ciki, ba wanda ya ɗauki hoto ya gan ta, aka binne ta da roba. Idan ta tara mugunya, kumburin na iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya shaƙe numfashi. Irin wannan na kashe mutum cikin 'yan kwanaki, musamman mai ciwon suga.

Sai maganar filaya. Ta fito daga bakin wani da jini, ta shiga naka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a jikin ƙarfe, ko da jinin ya bushe. A asibiti tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko sama ake sa kayan aiki. Kwanon ruwan da ke ƙarƙashin benci ba zai yi wannan aikin ba.

In kuma ɗan haƙorin ya kwance cikin barci aka haɗiye shi, yana iya tsayawa a maƙogwaro, wayar da ke jikinsa ta huda hanyar abinci. Robar ba ta fitowa sosai a hoton asibiti, don haka nemanta ma wahala ne, wani lokaci sai an yi tiyata.

Alhali tsakanin dashe da kasuwa akwai hanyoyi sahihai. Mafi sauƙin kuɗi shi ne haƙorin roba mai cirewa, na giɓi ɗaya ko da yawa, ko na baki duka ga wanda ba shi da ko ɗaya. Akwai mai ƙashin ƙarfe, ya fi siranta, ya fi ƙarko, ya fi tsada kaɗan. Sharaɗinsu ɗaya ne: a cire da dare, a wanke, a jiƙa a ruwa, a koma a gyara in ya fara lilo, domin dasashi na motsewa bayan cire haƙori, musamman a watannin farko. Na san wasu na ƙyamar a ga haƙorinsu a kofi. Wannan cirewar da suke ƙi ita ce ke tsare musu sauran haƙoran.

Wanda ke son kafaffe, akwai gada: a rage haƙoran gefe, a sa musu hula, na tsakiya ya rataya a jikinsu, a bar hanyar sharewa a ƙarƙashi. Ta fi dacewa inda haƙoran gefen dama sun lalace suna bukatar hula, don ba a so a fiƙe lafiyayyen haƙori a banza. Akwai kuma gada mai fiffike, wadda aka inganta a jami'ar Merilan ta Amurka a farkon shekarun 1980: ɗan siririn fiffike ake mannawa a bayan haƙorin gefe, kusan ba a rage komai. Ga saurayin nan na babur da ya rasa haƙorin gaba ɗaya, sau da yawa ita ce daidai.

Wani giɓin ma ba ya bukatar cikewa. Baligi na da haƙora 32, amma tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki haƙora 20 na halitta masu aiki a matsayin abin da ake fatan mutum ya riƙe tsawon rayuwarsa. Dattijon da ya rasa turame na can ƙurya, sauran suna haɗuwa suna tauna, likita na iya ce masa ya bar su haka. Likita ne dai zai faɗi wannan, domin wani giɓin in an bar shi, haƙoran gefe kan karkato, na sama ya zazzago.

Alhazai da hajiyoyi, ku ma da ku nake. Haƙorin Makka ado ne da muka gada, amma hular da aka ƙwama wa lafiyayyen haƙori cikin gaggawa, ba ta zauna daidai bakin dasashi ba, ruɓa take tarawa a ƙarƙashi, gwal ce ko azurfa.

A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma ko ƙwararren da ya yi karatun ƙera haƙora bisa awon likita yake aiki. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Aminu Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. Sarakunan kasuwa da shugabannin tasha, waɗannan mutane a ƙarƙashinku suke shimfiɗa kaya, kuna da ikon hana su wuri.

Wanda kuma aka riga aka liƙa wa, kada ya ɓamɓare da kansa, kada ya koma wurin mai shi a ƙara gam. Ya je asibiti a yanke robar a hankali, a duba abin da ke ƙasa, a kuma yi masa gwajin ciwon hanta. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara ga zazzaɓi, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti a daren.