Faifan Da Ya Tono Unguwar Da Aka Binne

A ƙasarmu in an ce waƙar tarihin gari, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne jerin sarakuna. Waƙar Bagauda tana lissafa sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, makaɗan fada kuwa irin su Narambaɗa na Isa aikinsu ke nan, su ambaci sarki da kakanninsa da abin da suka yi. Ba mu raina wannan ba, gama da ba dominsu ba da sunaye da yawa sun salwanta. Amma yau muna so mu ba masu karatu labarin wani makaɗi na Amurka wanda ya bar masu mulki, ya ɗauki tarihin wata unguwar talakawa da yanzu ko kufanta babu.

Sunansa Ry Cooder, an haife shi a birnin Los Anjalis cikin 1947. Gwanin gita ne mai zaman kansa, ba shi da ubangidan da zai yi wa kirari. Waɗansu za su tuna da shi ta faifan da suka yi tare da Ali Farka Ture na ƙasar Mali cikin 1994. To, cikin 2005 ya fitar da faifai mai waƙa 15, ya sa masa suna Chávez Ravine, watau sunan wani kwari da ke tsakanin tuddai kusa da tsakiyar birninsu.

A kwarin nan da akwai unguwa uku, Palo Verde da La Loma da Bishop. Iyalai sun kai 300, yawancinsu 'yan asalin Meziko, suna kiwon kaji da awaki, suna da makarantarsu da majami'arsu. Cikin watan Yuli na 1950 hukumar gidaje ta birnin ta aika wa kowane mai gida takarda, cewa za a saye wurin a gina gidajen gwamnati fiye da 3,000 domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma su ne za a fara bai wa in an gama. Akawunan da ke karanta jaridar nan sun san irin wannan takarda, sun kuma san yadda talaka kan amince da ita in ya ga hatimi. Mutane da yawa suka karɓi ɗan abin da aka ba su, suka kwashe kayansu.

Ko tubali ɗaya ba a aza ba. Zamanin nan tsoron Kwaminisanci ya cika Amurka, masu dillancin filaye kuwa suka yi ta yayata cewa gidajen gwamnati dabarar 'yan Kwaminis ce. Cikin 1952 aka tsare wani ma'aikacin hukumar, Frank Wilkinson, da tambaya a gaban shari'a a kan ƙungiyoyin da ya taɓa shiga, ya ƙi amsawa, aka sallame shi daga aiki. Da Norris Poulson ya ci zaɓen magajin gari cikin 1953 sai aka soke shirin ɗungum. Birnin ya sayi filin daga hannun gwamnatin tarayya bisa sharaɗin sai an yi aikin amfanin jama'a da shi. Daga baya aka ba wata ƙungiyar wasa mai suna Dodgers, masu buga ƙwallo da sanda, wadda ta taso daga Burukilin cikin 1958. An jefa ƙuri'a a kan maganar a wannan shekara, masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar. Ran 8 ga Mayu, 1959, 'yan sanda suka fitar da waɗansu daga cikin 'yan tsirarun da suka ƙi tashi, har aka ɗauko wata mace cak daga gidan iyayenta ana nunawa a talabijin, katafila tana jira a ƙofa. Cikin 1962 aka buɗe filin wasan, mai cin mutum 56,000.

Cooder bai zauna a unguwar ba. Abin da ya motsa shi hotuna ne da wani mai suna Don Normark ya ɗauka cikin 1949, waɗanda ba a buga su littafi ba sai 1999. Nan ne muka ga hankalinsa. Bai ce shi kaɗai zai rera ba. Ya nemo tsofaffin mawaƙan da suka yi tashe tsakanin 'yan Meziko na birnin a wancan zamani, kamar Lalo Guerrero da Don Tosti, ya bar su suka rera da Sifaniyanci, da irin kiɗan da ake rawa da shi a lokacin. Ashe ƙiris ya rage da bai same su ba: Tosti ya rasu cikin 2004, Guerrero kuwa cikin Maris na 2005 yana da shekara 88, duka kafin faifan ya fito. Malaman da ke cewa sai hutu mai zuwa za su je su ɗauki labari daga bakin tsofaffin garinsu, su dubi waɗannan shekaru biyu.

Wani abin da ya ƙayatar da mu shi ne kowa an ba shi baki. Akwai waƙar Wilkinson, har da muryarsa shi kansa a ciki. Akwai ta direban katafila, wanda bai ɗauki kansa azzalumi ba, shi dai aiki aka sa shi, yana neman abin da zai kai gida. Wannan ta fi yi mana nauyi, domin rushe unguwa ba mutum ɗaya ke yi ba, akwai mai sa hannu, da mai buga takarda, da mai tuƙi, kowannensu kuwa yana da hujjarsa. Akwai kuma wata ta wani baƙo daga sararin sama da ya sauko ya gargaɗi mutanen kwarin. Wannan kam tatsuniya ce, mu da an bar ta da ba mu yi kewarta ba.

Sai dai malamin da zai yi amfani da irin wannan faifai a aji ya lura, waƙa takan dunƙule shekaru. Mai saurare da gaggawa zai zaci 'yan wasan ƙwallo ne suka kori mutane, alhali kuwa yawancinsu sun tashi tun shekara biyar ko fiye kafin ƙungiyar ta zo, kuma da sunan taimakonsu aka tashe su. Sai an ajiye waƙar kusa da takardun hukuma sa'an nan labarin ya daidaita, kamar yadda masana suke gwada Waƙar Bagauda da rubutaccen tarihin Kano su ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Kusa da ƙarshen faifan akwai waƙar wani mutum da aka haifa a kwarin, wanda ya zama mai tsaron motocin 'yan kallo a filin wasan. Jama'a na sowa, shi kuwa yana duban filin yana auna inda ɗakinsu yake a da, da inda danginsa suka zauna. Makarantar Palo Verde ma tana nan ƙarƙashin ƙasa, gama da aka zo baje tuddan, rufinta kawai aka cire, aka cika ɗakunan da ƙasa, aka shimfiɗa wurin ajiye motoci a kai.