YADDA AKE GWADA SABON MAGANIN CIWON DAJI

A hutun da ya wuce na tarar da Goggona a kwance. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ran nan muna tashar mota ni da Kawu, sai ga wani mai tallar magani da lasifika, yana rantsuwa wai ƙwayarsa tana warkar da daji cikin mako guda. Kawu ya saya da tsada. Goggo ta shanye, ba abin da ya sake. Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, na ce, "Malam, yaya ake gane maganin gaskiya?" Bayanin da ya yi mini, da abin da na karanta daga baya, su ne zan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sabon magani ba ya shiga kasuwa sai ya bi matakai. Da fari a gwada shi a ɗakin bincike, sa'an nan a kan dabbobi. Bayan haka ne ake yin gwajin farko a jikin mutane. Idan maganin daji ne, akan nemi majiyyata kaɗan waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. Sai an bayyana wa kowa haɗarin da ke ciki, ya yarda, ya sa hannu, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so. Babbar tambayar wannan mataki ita ce: nawa ne jiki zai iya ɗauka ba tare da an cutar da shi ba? Saboda haka ake somawa da ɗan kaɗan. In rukunin farko sun jure, sai a ƙara wa na gaba.

Ga misali. Akwai wata irin sankarar jini wadda take sa ɓargo ya riƙa haifar da fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa. Dalili shi ne wani gurɓataccen sinadari a cikin ƙwayoyin, mai ba su umarnin su yi ta hayayyafa. Kamfanin Novartis na ƙasar Suwizalan ya haɗa wani maganin haɗiya mai suna imatinib don ya toshe wannan sinadari. A watan Yuni na 1998, Dokta Brian Druker na jihar Oregon ta Amurka da abokan aikinsa suka fara gwada shi. Majiyyata 83 suka shiga, dukkansu allurar da ake yi a lokacin ta kasa musu. An soma da miligiram 25 a rana, aka yi ta ƙarawa har 1,000. Cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye, jinin 53 ya daidaita, yawanci cikin mako 4. Illolin da aka gani su ne tashin zuciya, ciwon jiki, kumburi da gudawa.

To, amma ga inda darasin yake. An kuma ba wasu majiyyata 58 waɗanda ciwonsu ya kai matuƙar tsanani. Fiye da rabinsu sun sami sauƙi, amma da yawa ciwon ya dawo musu bayan 'yan watanni. Likitocin ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi kowa ya gani. Mai lasifika kuwa bai taɓa faɗin wanda maganinsa ya kasa ba.

Duk da wannan nasara, ba a tsaya nan ba. An yi gwaji na biyu a kan ɗaruruwan majiyyata, kafin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2001, da sunan Gleevec. Aka kuma yi gwaji na uku da mutum 1,106, inda aka kwatanta shi da tsohon magani, ya kuwa fi shi. Sai dai a lura, ba kowane daji yake wa aiki ba. Irin na Goggo ba ya ciki.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ya ce maganinsa yana warkar da daji, a tambaye shi: a kan mutum nawa aka gwada, kuma nawa ya kasa? Na biyu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Goggo ta yi shekara guda tana jin kullutu a jikinta, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ko maganin da ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje ya fi amfani ga wanda ya je asibiti da wuri.

Allah ya ba Goggo sauƙi, da sauran marasa lafiya baki ɗaya, amin.