Kafin ka biya ejan kuɗin tikitin jirgin sama

A watan Maris na 2024 maniyyatan Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran 'yan uwansu a faɗin Najeriya, sun wayi gari da labari mai ɗaga hankali. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ce duk wanda ya riga ya biya kuɗin kujera, sama da naira miliyan 4 da rabi, sai ya ciko wajen miliyan 1.9, kuma cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sayar da shanu ko ya jinginar da gona don ya haɗa na farko, ina zai samo na biyu? A 2025 kujerar ta haura miliyan 8. Duk wannan a aikin Hajji ne, inda hukuma ke tsayawa tsakanin mahajjaci da kamfanin jirgi, ta yi shatar jirage, wani lokaci ma gwamnati ta sa tallafi. To ina ga wanda zai tafi shi kaɗai? Mai zuwa Umarar azumi, malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da zai tafi ƙaro karatu, majinyacin da aka tura asibiti a Alƙahira ko Indiya, ɗan kasuwa mai saro kaya a Dubai ko Sin, duk babu mai tsaya musu sai ejan da wayar hannunsu.

Tushen tsadar tikiti shi ne dala. Da ita ko da wani kuɗin waje ake ƙayyade tikitin ƙasashen ƙetare, sannan a juya shi zuwa naira bisa canjin ranar da aka fitar da shi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460. A watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Ka ɗauki tikitin dala 800: a canjin farko naira 368,000 ne, a na biyu miliyan 1.2, alhali kamfanin jirgi bai ƙara ko sisi ba. A kan wannan ake ɗora kuɗin mai, da kuɗin filin jirgi, da kashi 5 cikin ɗari na hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Ko yaƙin wata ƙasa yana taɓa aljihunmu. Da faɗa ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke zuwa Saudiyya suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru.

Sai dai ba dala kaɗai ba ce. Mutane biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya daga Kano zuwa Jidda, a ba su abinci iri ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Dalili kuwa shi ne kamfanoni suna kasa kujerun aji ɗaya gida-gida, kowane gida da harafinsa, da farashinsa, da sharuɗɗansa. Harafin Y yawanci na cikakken kuɗin kujerun baya ne, J ko C na kujerun gaba da ake kira bizines, sauran haruffa kuma kowane kamfani da yadda yake jera su, har a gangaro kan mafi araha. Kujerar jirgi tamkar tumatirin lambu ce: in ba a sayar ba har jirgi ya tashi, ta lalace ke nan. Shi ya sa kwamfuta ke ta ɗaga farashi tana saukewa gwargwadon yawan masu nema. Da zarar kujerun gidan araha sun ƙare, sai ta buɗe na sama da shi. A goman ƙarshe na azumi, ko lokacin komawar ɗalibai makaranta, gidajen araha kan ƙare tun da nisa.

Mun ga yadda wannan tsari ke juyewa ya ciji matafiyi. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta ce ya haura dala miliyan 800. Emirates ta dakatar da zuwa ƙasar a 2022, ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Yawancin sauran kamfanonin ba su tafi ba, amma da yawa sun kulle gidajen araha ga masu saye daga Najeriya, suka bar masu tsada kawai. Sai da aka biya su mafi yawan kuɗinsu a 2024, Air Peace kuma ta fara jigila daga Legas zuwa Landan a ranar 30 ga Maris na shekarar, sannan farashi ya sassauto.

Abin da ya fi jefa mutanenmu cikin asara shi ne rashin bambancewa tsakanin riƙe kujera da fitar da tikiti. Ejan zai turo maka takarda ta WhatsApp ɗauke da sunanka, da ranar tafiya, da wata lamba mai haruffa shida, ya ce, “Alhaji, an yi bukin.” Wannan riƙo ne kawai, yana da wa'adi, kuma farashinsa zai iya tashi kafin gobe. Tikiti na gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, uku na farko na kamfanin jirgin ne: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways, 065 na Saudia. Ranar da wannan lamba ta fito, farashi ya tsaya cak, ko dala ta kai nawa. In ka ba ejan kuɗi yau bai fitar ba sai bayan mako biyu, ya dawo yana cewa an yi ƙari, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma jinkirinsa ne ya jawo. Akwai ejan-ejan na kirki da yawa a Katsina da Kano, sai dai akwai kuma masu juya kuɗin mutane kafin su saya musu tikiti. Ka nemi lambar nan a ranar da ka biya, ka sa wani yaro mai ilimin waya ya shiga shafin kamfanin jirgin da sunanka ya tabbatar.

Bayan an fitar da tikiti, ƙarin farashi ba ya shafarka sai ranar da ka taɓa shi. Nan ne Hausawa ke cewa araha ba ta ado. Sauya ranar tafiya kuɗi biyu ne: tarar da aka rubuta a sharuɗɗan tikitin, da cikon bambanci tsakanin abin da ka biya da farashin ranar da kake sauyawa. In gidan harafinka ya cika, dole a hau da kai na sama, kuma cikon kan fi tarar nesa ba kusa ba. Masu zuwa asibiti su ne suka fi shan wannan. Likita ne ke da ikon cewa ga ranar sallama, don haka wanda ya yanki mafi arahar tikiti ga mara lafiya da mai jinya sau da yawa yakan ƙare da sayen sabo na dawowa. Gara a ƙara kuɗi tun farko a ɗauki wanda ake sauyawa cikin sauƙi. Haka wanda bizarsa ba ta fito ba, bai kamata ya yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa ba.

Sannan ga batun makara. Ban da lokacin jigilar alhazai, kusan duk mai fita waje daga yankinmu sai ya dangana da filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja. Mutumin Dutsin-Ma zai bi ta Kankiya da Bichi, na Kurfi wani sa'in sai ya fara shiga Katsina, ga shingayen bincike, ga hanyoyin da ba a son bi da dare saboda halin tsaro. In jirgi ya tashi ba ka, kuma ba ka sanar ba tun kafin lokaci, kwamfuta kan soke sauran tafiyar gaba ɗaya, har da dawowa, a kuma ci ka tara. Kwana a Kano ya fi wannan sauƙi. Suna kuma ba a canza shi: tikitin Baba ba zai koma na Yaya ba don Baba ya fasa, kuma rubutun sunan dole ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi.

Yanzu mu zo kan maganar ɗaga matsayi zuwa kujerun gaba, wadda ake yawan ruɗin mutane da ita. Za ka ji ana cewa, “Ka sayi na baya kawai, in mun je filin jirgi akwai wanda na sani.” Wannan zamanin ya wuce. Hanyoyin da aka sani su ne biya da makin da matafiyi ke tarawa a tsare-tsare irin su ShebaMiles na Ethiopian, Privilege Club na Qatar Airways da Alfursan na Saudia, ko tayi da kamfani kan turo ta imel 'yan kwanaki kafin tafiya, ko biyan kuɗi a wurin awon kaya in akwai gurbi. Duk ukun harafin tikitinka suke fara dubawa. Tikitin garaɓasa, da na rukuni irin wanda 'yan jirgin yawo ke saya wa masu Umara, sau da yawa ba su cancanta ba sam, ko kuwa a nemi maki mai yawa. Shi kansa makin, tikiti mai araha kaɗan yake tarawa, wani ma ba ya tara komai. Kamfani kuma yana da damar sauya tsarinsa, ya ƙirƙiro sabon gida mafi araha da aka cire wa zaɓen kujera da rabin kaya, ko ya ƙara yawan makin da ake nema, kuma makin da aka bari ba a taɓa ba yakan mutu. Ashe ranar da ka sayi tikiti ne aka yanke ko za ka shiga gaba.

A ganina, wanda zai raka dattijo mai ciwon baya ko ƙafa tafiyar sa'o'i da yawa, kada ya dogara da sa'a. Ko dai ya saya masa kujerar gaba kai tsaye, ko ya biya ɗan kuɗi a ba shi kujerar baya mai sararin miƙe ƙafa, ya kuma nemi keken guragu tun wajen yankar tikiti, wanda ba a biyan komai a kansa. Wanda aka ɗaga shi a filin jirgi kuma ya tambaya, don ba kullum ɗagawar ke zuwa da ƙarin kilo ko ɗakin hutawar manya ba. Kilo ɗin ma a duba shi a jikin tikiti. Mun saba da jaka biyu masu kilo 23 kowace, amma wasu tikitocin araha jaka ɗaya suke bayarwa, kuma kuɗin ta biyu a filin jirgi zai iya cinye duk rangwamen da Hajiya ta yi murnar samu.

In kuwa laifin daga kamfani ne, dokar NCAA tana bayan matafiyi. Jirgin da aka soke, kana da zaɓin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani ba tare da ciko ba. Wanda ya biya kujerar gaba aka mayar da shi baya yana da haƙƙin a biya shi bambanci. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi, har da na Kano. Amma kuɗin da aka mayar ta hannun wanda ya fitar da tikitin yake biyowa, wato ejan. Don haka a tambaye shi tun farko ko yana da rajistar IATA ko ta ƙungiyar ejan-ejan ta ƙasa, NANTA, a biya ta asusun kamfaninsa na banki, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar tikiti, a kuma sa shi ya rubuta nawa ne tarar sauyi, nawa ne ta fasawa.