Kuala Lumpur: Birnin da Kuza ta Kafa a Bakin Ruwa

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, inda damina ke da lokacin zuwa da lokacin tafiya, abin da zai fara ba shi mamaki a Kuala Lumpur shi ne babu rani, babu hunturu. Birnin yana kusan digiri 3 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka zafi da laima ba sa sauyawa sosai duk shekara. Ruwan da ke sauka ya haura milimita 2,000 a shekara, Kano kuwa a mafi yawan shekaru ba ta kai 1,000. Sau da yawa gari kan waye tas, sai bayan azahar hadari ya haɗu, a yi tsawa, a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu babura su fake a ƙarƙashin gadoji, su jira ya tsagaita, kowa ya kama gabansa.

Babban birnin Malesiya yana cikin kwari. Ta gabas tsaunukan Titiwangsa sun tokare shi, ta yamma ƙasa ta gangara zuwa mashigin tekun Malaka, hanyar da jiragen ruwa ke bi tsakanin Indiya da Sin. Koguna biyu, Klang da Gombak, sun haɗu a tsakiyarsa, kuma a mahaɗarsu garin ya soma. A shekarar 1857 wani basarake, Raja Abdullah, ya tura ma'aikata Sinawa 87 su hau kogi neman kuza. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mafi yawansu, amma an samu kuzar, sai 'yan kasuwa suka biyo baya. Mai karatu da ya san yadda haƙar kuza ta tara ƙabilu a Jos zai gane dalilin da ya sa har yau Malayawa da Sinawa da Indiyawa ke zaune a gari ɗaya, kowa da unguwarsa da wurin ibadarsa.

A 1881 gobara ta cinye garin, wanda a lokacin bukkokin katako da ganye ne, ambaliya kuma ta biyo baya a cikin shekarar. Shugaban Sinawa Yap Ah Loy da jami'in mulkin mallaka Frank Swettenham suka tsaya a kan a sake gini da tubali. Tsohon garin da baƙi ke zagayawa yau daga nan ya samo asali. A daidai tsinin da kogunan suka haɗu akwai Masjid Jamek, da aka buɗe a 1909, jan tubali da farin zane, ga ƙubbobi uku, ga itatuwan kwakwa a farfajiya. A ganina baƙo ya fara da nan kafin ya je ko'ina, domin idan ya tsaya a kan gada ya dubi ruwan biyu suna gauraya, ya ga mafarin komai. Taku kaɗan ne zuwa dandalin Merdeka, inda aka sauke tutar Birtaniya a daren samun 'yanci, 31 ga Agusta, 1957.

Ruwan bai daina gwada garin ba. Ambaliyar 1971 ta yi ɓarna mai yawa, kuma a 2007 aka buɗe ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7 a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar abin sha'awa ce: a ranakun lafiya motoci ke bi ta wani sashensa, idan kogi ya cika ya batse sai a fitar da motoci, a rufe ƙofofi, a sakar wa ruwa hanya ya wuce ba tare da ya shiga kasuwanni ba. Garuruwanmu da ke kuka da ambaliya kowace damina suna da abin nazari a nan.

Tagwayen benayen Petronas su ne hoton da kowa ya sani. Tsayinsu mita 452, hawa 88, kuma daga 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kai su a duniya. Cesar Pelli, ɗan asalin Ajantina, shi ya tsara su a kan tauraro mai tsini takwas irin na adon Musulunci, aka haɗa su da gada a hawa na 41 da na 42. Yanzu ginin Merdeka 118, mai kusan mita 679, ya shige su nesa. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙasan birnin dutse ne irin wanda ake niƙawa a yi siminti, ruwa kuma ya daɗe yana cinsa yana barin ramuka. Sai da aka gusar da wurin ginin Petronas kimanin mita 60, aka kuma yi harsashi mai zurfin gaske.

Wannan dutsen ne ya fito fili a Batu, kilomita 13 a arewa da gari. Matakala 272 masu launi-launi ke kai mutum bakin kogo, birai na zaune a gefe suna jiran wanda zai yi sake da ledarsa. Ciki akwai sanyi da ɗigar ruwa, haske na shigowa ta wata kafa a can sama. Wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, da gunki mai tsayin mita 42.7 a ƙofa, kuma a lokacin bikin Thaipusam jama'a ke cika shi maƙil. A wannan ɓangaren na Gombak ne Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa take, wadda aka kafa a 1983, inda 'ya'yan Arewa da dama suka yi karatu.

Da yamma a leƙa Kampung Baru, unguwar Malayawa da ta haura shekara 120. Gidajen katako ne a kan dirkoki, don ruwa ya wuce ta ƙasa iska ta ratsa, benaye kuma sun kewaye su ta kowace fuska. A nan ake cin nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa, ƙananan busassun kifi, ƙwai da miyar barkono, a ƙunshe cikin ganyen ayaba. Mai shayi na ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya yi kumfa, kamar na bakin tasha a gida. Filin unguwar ya yi tsada matuƙa, masu gine-gine sun daɗe suna zawarcinsa, magada da yawa kuma har yanzu ba su yarda su sayar ba.