Ciki Ya Kwanta? Gaskiya ko Jita-jita

A Libreville, idan mace ta je asibiti aka ɗora mata na'urar hoton ciki, wadda mutanen gari ke kira "eko", likita ya ce mata da Faransanci "grossesse arrêtée", yana nufin tayin ya mutu amma bai fito ba. Kafin labarin ya zagaya ya isa wurin matan Hausawa a kasuwar Mont-Bouët, ya sauya kama: "Ai cikinta ne ya kwanta, zai tashi." A nan haɗarin yake.

Maganar kwantaccen ciki tsohuwa ce. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yarda ciki na iya kaiwa shekara huɗu ko biyar, kuma wannan na cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta duba lokacin da ta wanke wata mata mai suna Amina Lawal a shari'ar cikinta ranar 25 ga Satumba, 2003. Hukunci ne na kare mutuncin mace da nasabar ɗa, ba ni da ja a kansa. Amma a ɗakin awo, cikin mutum sati 40 ne, da ƙyar yake wuce 42. Tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya farkawa. Abin da ake kira kwantaccen ciki yawanci ɗayan biyu ne: ko al'ada ce ta ɗauke saboda wani dalili, ko ɓari ne da bai zubo ba. In daga baya an ga ciki na girma, sabo ne. Maganar ciki ya kwanta zai tashi jita-jita ce.

"In babu jini, babu ɓari." Wannan ma ba haka ba ne. Irin wannan ɓarin shiru yake zuwa, mace na iya yin makonni ba ciwo ba jini. Wata takan ga ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa, wata ko shi ba ta gani. Gwajin fitsari kuma ba ya raba gardama, domin mabiyiya na ci gaba da sakin sinadarin da ake aunawa, sai layi biyu su fito alhali tayin ya riga ya tafi.

To ina alamar? Mata da yawa sukan ce laulayi ya ɗauke musu rana ɗaya: kumallo ya tsaya, nono ya saki, warin girki ya daina tayar da zuciya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai a yi hattara. Laulayi da kansa yakan lafa tsakanin sati 12 zuwa 14, wasu kuma ba sa yinsa sam, su haihu lafiya lau. Rashin jin motsi ma ba hujja ba ne a watanni ukun farko, tunda galibi sai sati 16 zuwa 24 ake fara jinsa. Alama dalilin zuwa asibiti ce kawai. Hoton ciki ne ke yanke hukunci: idan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 babu komai a ciki. In bai kai haka ba, likitan kirki yakan ce a dawo bayan sati ɗaya ko biyu a sake dubawa, don mata da yawa kan ruɗe da lissafin kwanakinsu.

Sai batun wa ya jawo. Kishiya, kambun baka, daka, ɗaukar bokitin ruwa, kwanciya da miji, duk an ɗora musu. Alhali daga cikin kowane ciki 100 da aka tabbatar, 10 zuwa 20 kan zube, kuma kusan rabin ɓarin farkon ciki kuskure ne a ƙwayoyin halittar tayin tun daga haɗuwarsa. Wanda ya kamata a tuhuma a Gabon, ƙasar da ke da yawan ruwan sama, sauro ne. Zazzaɓin cizon sauro na kashe tayi, shi ya sa ake ba masu ciki gidan sauro da maganin rigakafi daga sati 13.

Wasu kuma na gudun wankin ciki, wai zubar da ciki ne, wai yana hana haihuwa. Fitar da tayin da ya riga ya mutu magani ne. Akan jira ya fito da kansa ƙarƙashin kulawar likita, ko a ba da maganin misoprostol, ko a zuƙe shi da ƙaramar na'ura. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa bayansa. Abin da ke lalata mahaifa shi ne ruɓa da cusa jiƙo a gida.

'Yar'uwa, in kin ga zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jinin da ke cika audugar mata biyu cikin awa ɗaya, ko jiri, kada ki jira gari ya waye. Asibitin uwa da yara na Jeanne Ebori da babban asibitin koyarwa na Libreville suna nan. Ki sha rubutunki, ki yi addu'arki, amma ki je a yi eko.