AMSOSHIN WASIƘUNKU: Inji Na Kuka, Babur Ba Ya Gudu

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a rediyo mun kawo muku ita a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi da kuma wanda ke son ya ajiye ya riƙa dubawa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi a ƙasar Bakori ta Jihar Katsina. Bayan gaisuwa, ya ce da kaka ya sayar da masara ya sayi babur na hannu ƙirar Honda CG 125, wanda ya kusa shekara biyu a jingine a zaure ba a hawa. In shi kaɗai ne a kai, babur lafiya lau. Amma ranar da ya ɗora buhu biyu zai kai kasuwar Dandume, da ya zo hawa ya murɗa totur, sai inji ya yi ta kuka, babur kuwa kamar ana jan sa da baya. Wani makanike ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya, wani kuma ya ce baƙin mai kurum za a canja. Ɗan kuɗin da ya rage masa na taki ne. Shi ne yake tambaya, mene ne ciwon babur ɗin, kuma ya gyara ne ko ya sayar ya huta?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Tun da farko mu gaya maka, babur ba a yi masa magani daga nesa, sai an gani an taɓa. Amma alamun da ka bayyana, alamun kuloci ne da ke sulɓi, kuma wannan ciwo ne da ba ya bukatar a sauke inji.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. In aka buɗe murfin inji na gefen dama, za a tarar da wani kwano, a cikinsa an jera faranta iri biyu, ɗaya bayan ɗaya. Iri na farko suna da ɓawo a jikinsu mai kama da na birki, su ne makanikai ke kira kuloci-filet, kuma a ƙananan babura sukan kasance huɗu ko biyar. Iri na biyu ƙarfe ne zalla. Masu ɓawon inji ne ke juya su, na ƙarfen kuwa su ke juya giya, giya ta juya sarƙa, sarƙa ta juya tayar baya. Akwai sifirin da ke matse su wuri guda. Gwada da hannunka: haɗa tafinka biyu ka matse sosai, in ka juya ɗaya, ɗayan zai bi shi. Sassauta kaɗan, sai ka ga ɗaya na goga ɗaya kurum, har zafi ya taso. To haka kuloci yake. In ka ja hannun kuloci, farantan sun rabu, ka sa giya. In ka saki, sun haɗe, babur ya tafi. Idan ɓawon ya cinye ko sifirin ya yi sanyi, sai riƙon ya yi rauni. Da nauyi kaɗan zai ja, amma da buhu biyu a kan hawa sai ya sulɓe. Ka ji dalilin da ya sa inji ke kuka babur ba ya gudu.

Me ke cinye su? Lodi fiye da kima, da tashi da giya ta biyu don ganda, da ɗabi'ar nan ta ɗora yatsu a kan hannun kuloci ana tafe, da yawan riƙe rabin kuloci a cikin yashi ko taɓo. Sai kuma abubuwa biyu da mutane ba su cika lura da su ba, wato ɗaurin waya da irin baƙin man da ake zubawa. Da su za ka fara, domin su ne masu araha.

Na farko, duba wayar kuloci. Dole ne hannun kuloci ya kasance da ɗan wasa kafin ya fara ja, kimanin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, wato kamar faɗin yatsa. Yayin da faranta ke cinyewa, wannan wasa yakan ragu, har ya zamanto wayar na jan kuloci ko da ba ka taɓa ba. Akwai wurin sassautawa a kusa da hannu, akwai wani a ƙasa kusa da inji. Sau da yawa nan kaɗai ciwon yake, kuma gyaran ba ya cin ko sisi.

Na biyu, baƙin mai. A irin babur ɗinka, farantan kuloci a cikin man inji suke wanka. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi domin rage shan fetur, wannan santsi kuwa shi ne abokin gabar kulocin babur. Shi ya sa tun 1998 masu ƙera ababen hawa na ƙasar Japan suka fito da ma'auni na musamman ga man babur. In za ka saya, nemi wanda aka rubuta 4T a jikin galan, tare da JASO MA ko MA2. Kimanin lita 1 babur ɗinka ke ci. Ka guji man awo da ba ka san asalinsa ba, balle wanda aka juye daga mota ko janareto. Mai da ya shekara biyu a cikin inji kuwa, ko ba sulɓi ya kamata a zubar da shi. In ana juyewa ka shinshina, ka kuma murza a yatsa. In yana ƙauri, kuloci ya ƙone. In ka ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Bayan waɗannan biyu sai ka gwada. Samu miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sannan ka murɗa totur sosai. In ƙarar inji da saurin babur suka tashi tare, ka warke. In ƙara ta tashi ta bar sauri a baya, sai a buɗe.

Buɗewar ba wani babban aiki ba ne. Za a juye mai, a cire murfin dama, inji na nan a mazauninsa. Ka tsaya a wurin, kada ka bar babur ka tafi cin kasuwa, kuma ga abin da za ka sa ido a kai. A canja faranta masu ɓawo dukkansu, kada a haɗa sabo da tsoho. A jiƙa sababbin a cikin baƙin mai kafin a ɗaura, domin in aka sa su a bushe suna iya ƙonewa tun tashin farko. Farantan ƙarfe a kwantar da kowanne a kan gilashi. Wanda ya ƙi kwanciya daidai ya lanƙwashe, wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya sha wuta, duk a canja su. A duba sifirin, in sun gajarce a sa sababbi gaba ɗaya. Wasu sukan cusa wasa a ƙarƙashinsu don su ƙara matsi, wannan dabarar kwana biyu ce. A duba bakin kwanon, in faranta sun yi masa gurbi-gurbi kamar haƙoran zarto. Tunda an riga an buɗe, a wanke matatar mai da ke nan gefen, a sa sabon gaskit don kada mai ya riƙa yoyo. Daga ƙarshe ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire ka gani da idonka. Wajen sayen faranta kuma ka tuna araha ba ta ado, na jabu ba sa kai wata nawa.

Akwai wani ciwon kuloci da ke kishiyar wannan, kuma babur da ya daɗe a ajiye yakan yi shi. Shi ne ka ja hannu har ƙarshe amma babur na neman tafiya, giya na shiga da ƙara, firi na wuyar samu. Wannan faranta ne suka manne, ko na ƙarfen sun lanƙwashe, ko wasan waya ya yi yawa. Masu Bajaj Boxer da sauran irinsa, duk bayanin nan ya shafe ku. Masu babura irin Suzuki A100 da ke shan mai tare da fetur, ku kulocinku a cikin man giya yake, shi za ku riƙa canjawa. Roba-roba kuwa ba shi da hannun kuloci, da kansa yake kamawa, amma shi ma yana cinyewa.

To yaushe ne maganar makaniken farko za ta zama gaskiya? In salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi, ko inji na shanye baƙin mai, ko kana jin ƙwanƙwasa daga ciki, ko an ga garin ƙarfe da yawa a mai, to fistin da ringi ko abin da ya fi su sun taɓu, sai an shiga ciki. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda haka kada ka yarda a sauke inji sai an nuna maka dalili.

Sauran gyaran babur da aka yi wa sakaci, bi shi daki-daki gwargwadon aljihunka. Birki da taya su ne gaba da kome, har gaba da kuloci, domin babur da ya ƙi gudu asarar lokaci ce, wanda ya ƙi tsayawa kuwa asarar rai ce. Taya da ta daɗe a tsaye takan tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Sai tanki, a juye tsohon fetur a duba tsatsa, a wanke kafireto. A wanke matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu, a canja fulogi. A duba sarƙa da ƙarafan nan masu haƙora da take hawa. In haƙoran sun yi tsini sun karkace, a canja su tare da sarƙar, domin tsohon haƙori na cinye sabuwar sarƙa. Ita ma sarƙar da ta saki takan yi tsalle a kan hawa, sai dai ita da ƙara take yi, kas-kas, ba kamar sulɓin kuloci ba. Kada ka manta da takardu: lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke rubuce.

Game da sayarwa, shawararmu ita ce kada ka yi gaggawa. Kamfanin Honda ya fito da CG 125 a 1975 musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma gyara ke wuya, inji ne mai haƙuri. Farantan kuloci kaya ne da aka yi su don su cinye a canja, kamar takalmin birki, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sauke inji ba. Fara da waya da mai, in ba su yi ba a canja faranta, ka bar kuɗin takinka inda yake. Bayan gyara ka rage lodi, sawu biyu da buhu ɗai-ɗai ya fi sawu ɗaya da zai mayar da kai gareji. In kuwa ka ga sai ka sayar, to ka faɗa wa mai saye aibin da ke ciki, kada abin da aka yi maka ka yi wa wani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, ya kuma rubuto mana yadda aka ƙare.